Mitar da ke ƙarya ta fi matacciya haɗari

'Yan uwa, akwai kalmar da masu gyara ke yawan faɗa da zarar na'ura ta kunna: "Ai ta kawo!" A wayar hannu ko rediyo, wataƙila hakan ya wadatar. Amma a kayan awo, irin su maltimita da osiloskof, ni dai a ganina kawowa rabin aiki ne. Matacciyar mita ba ta yaudarar kowa. Wadda aka yi wa gyaran ganganci kuwa za ta nuna maka lamba tsaf, ka gaskata, ka kai hannu inda bai kamata ba.

Ba cewa nake a daina gyara ba. A nan Alƙahira, ranar 6 ga Maris 2024 dala ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50, kayan awo kuma galibi daga waje ake shigo da su. Ka leƙa shagunan kayan lantarki na Bab al-Luk ka tambayi kuɗin sabon osiloskof, za ka gane dalilin da ya sa ɗalibai ke lallaɓa tsofaffi. Mu ma a gida, tun da naira ta faɗi a 2023, labarin ɗaya ne. Gyara ya zama dole. Tambayar ita ce wane irin gyara.

Mu fara da tsatsa. Layukan da ke kan fanel jan ƙarfe ne, kaurinsu yawanci maikiromita 35 kacal, bai kai silin gashi ba. Abu biyu suka fi cinye su: ruwan batir da ruwan kafasita. Batirin alkalin da aka manta a cikin mita yana zubo potassium hydroxide. Su kuma ƙananan kafasitocin farkon shekarun 1990 sun yi ƙaurin suna wajen yoyo, kamar yadda duk mai tsohon Tektronix TDS 540 ya sani. Ruwan ba ya tsayawa inda ido ke gani, yakan bi ƙarƙashin koren fentin ya shiga ƙananan ramukan da ke haɗa sama da ƙasan fanel. Don haka wanda ya ɗora jamfa a kan wurin da ya yanke kawai, ya rufe ciwo ne da ruɓa a ciki. A fara cire abin da ke yoyon. In ruwan batir ne a kashe kaifinsa da ruwan khal, a wanke da sifirit na isopropyl, a bari ya bushe sarai. Sannan a kankare fentin har sai jan ƙarfe mai sheƙi ya bayyana ta ɓangarori biyu, a haɗa da siririyar waya a bin tsohuwar hanyar, a rufe da sabon fenti.

Ƙuna ta fi wannan sharri. Shi fanel ba ya wuce da wuta, amma in ya ƙone ya zama gawayi, gawayi kuwa yana wucewa da ita. Ga lissafin: yawancin maltimita suna da turjiyar ohm miliyan 10 a ƙofar shigarsu. In ragowar gawayi ko datti ya buɗe wata ɓarauniyar hanya ta ohm biliyan 1 a gefenta, awo zai kauce da kusan kashi 1 cikin 100. A ido wurin fes yake. Kuma wannan yoyon yana bin laima: mitar ta faɗi gaskiya da hunturu, damina na zuwa ta canza baki. Shi ya sa sai an kankare baƙin duka, ko da rami zai bari, a cike da efoksi.

Kaurin wayar ma abin dubawa ne. Siririyar nan mai lamba 30 da ake jamfa da ita, santimita ɗaya nata ya haura miliohm 3. A yawancin mitoci, ƙarfen da ke auna amfiya 10 turjiyarsa miliohm 10 ce. Ka sa ta a nan, ko dai awo ya lalace ko ta narke.

Wani zai ce: "Malam, wa ke da lokacin wannan duka? Mai kaya na tsaye, kuɗin aikin kuma bai taka kara ya karya ba." Gaskiya ne, kuma ban raina masu gyaran waya na Farm Centre a Kano ba. Wasu cikinsu hannunsu ya fi na injiniyoyi da yawa natsuwa a ƙarƙashin madubi. Amma in gyaran waya ya ƙi, mai ita zai dawo gobe. In mita ta ce babu wuta alhali volt 230 na nan, ba lallai mai ita ya samu damar dawowa ba.

A nan ne nake jan layi. Alamar CAT II ko CAT III da ke jikin mita, a ƙa'idar IEC 61010, ta dogara ne da tazarar da ke tsakanin layuka da kuma irin fis ɗin da ke ciki, wato na tangaran mai yashi wanda ke kashe tartsatsi. In ƙofar shiga ta ƙone, ko an musanya fis da na gilashi ko guntun waya, alamar nan ta zama ado. Ka gyara ta in kana so, amma ka rubuta a jikinta cewa ta ƙaramar wuta ce, batir da Arduino kawai. Kada ta sake kusantar soket.

Bayan kowane gyara kuma, ka ajiye ta gefe da mitar da ka amince da ita, ka auna abu ɗaya da su biyun: volt, ohm, amfiya, kowane mataki. Ka sake bayan ta yi rabin awa a kunne. In sun yi baki ɗaya, to a lokacin ne za ka ce ta gyaru.