Mutanen Lakwaya, Mu Shiga Birni Mu Ba Idanunmu Abinci

Ya ku jama'ar Lakwaya, iyayenmu maza da mata, malamanmu, samari da 'yan mata, da 'yan'uwanmu na Getso da Kutama da Garo da Gude, da duk wanda cibiyarsa ke binne a ƙasar Gwarzo ko Kabo, kira nake yi gare ku, kuma na wannan makon ne.

Me yake kai mu Kano? Ko dai mun ɗauko mara lafiya, ko sarin atamfa a Kantin Kwari, ko kayan masarufi a Singa, ko cinikin hatsi a Dawanau, ko biki, ko gaisuwar mutuwa. Mu shiga da hantsi, mu fito kafin magariba, kai a sunkuye muna lissafin kuɗin mota. Mutum zai tsufa yana bin titin Gwarzo, ya san kowace kwana daga Rimin Gado zuwa Janguza, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka Gidan Makama ba. Baƙi suna biyan kuɗin jirgi daga Turai da Amurka don su ga abin da tafiyar kimanin kilomita 70 kawai ta raba mu da shi. Wannan asara ce, kuma 'ya'yanmu ne suka fi ɗaukar ta. Don haka a makon nan kowa ya ware yini ɗaya, ya shiga birni babu buhu babu takardar asibiti, ya kalla, ya saurara, ya yi tambaya.

Kallon ma tun daga hanya yake farawa. Motarmu takan wuce ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Yawancinmu ƙofarta kawai muke hange. A cikinta ake gabatar da laccar da sabon farfesa yake yi don bayyana wa jama'a binciken da ya kai shi wannan matsayi, kuma irin wannan zama ba a keɓe shi ga ɗalibai ba. A nan ne Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Ɗan sakandaren da ya zauna awa ɗaya a zauren irin wannan lacca zai koma gida da wani buri a zuciyarsa. Ku kasa kunne ga sanarwar Rediyon Kano da Freedom, ku tambayi 'ya'yanmu da ke karatu a can, za su gaya muku ranar da ake zama.

Da kun iso Kabuga, ku tuna ta wannan ɓangare na yamma sojojin Turawa suka kutsa birnin a 1903. Ganuwar da suka keta, tarihi ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Ku nuna wa yara abin da ya rage na badala, domin ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu gini suna cinye ta a hankali.

Daga nan sai Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. Gidan yana da alaƙa da Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya gina Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Yau Gidan Makama gidan tarihi ne: tsoffin ƙyamaren ƙofofin birni, kayan yaƙi, hotunan sarakuna, kayan kiɗa. Maginan garinmu su ɗaga kai su dubi ɗaurin guga da azara, su ga yadda ƙasa da makuba suka riƙe soro shekaru aru-aru. Wanda ya fito daga can ya gangara Kurmi, ya ratsa layin dukawa da masu sirdi da linzami da masu sayar da littattafan addini.

Kada kowa ya dawo bai leƙa karofin Ƙofar Mata ba, wanda ake danganta kafuwarsa da 1498. Ku tsaya ku ga marini yana haɗa baba da toka da katsi a rami, ya bar su kwanaki su nuna, sannan ya riƙa tsoma zane yana ɗagawa ya sha iska har shuni ya kama. A gefe za ku ji mabuga suna bugun yadi har ya ɗauki ƙyalli. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Audugar da aka saƙa su da ita, manoma irin kakanninmu ne suka noma ta, mata irin kakanninmu suka kaɗa zaren. Tarihin birni namu ne mu ma.

Mai ƙarfin gwiwa ya hau Dutsen Dala da la'asar, inda labarin Barbushe da Tsumburbura ya samo asali, ya ga birni shimfiɗe a ƙasansa har Goron Dutse. Mai son sanin yadda boko ya shigo Arewa ya je Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Samarinmu masu zafin siyasa, waɗanda muhawararsu ba ta wuce teburin mai shayi da Facebook, su nufi Gwammaja, Gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna har ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Su ga ɗakin da jagoran NEPU da PRP ya rayu a ciki, su auna shi da gidajen 'yan siyasar yau. Gidan yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, ana taruka da laccoci a cikinta.

Ga Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad ga masu son littafi, ga Gidan Zoo na Audu Bako ga ƙananan yara, ga filin wasa na Sani Abacha ga masoya Sai Masu Gida. Hawan Sallar Kano kuwa, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024. Duniya ta san darajarsa. Mu da muke maƙwabta kada mu tsaya a kallon waya.

Za a ce kuɗin mota ya yi tsada, kuma gaskiya ne. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna yin karo-karo mu ɗauki shatar mota don kai amarya, muna yi don taron siyasa. Majalisa ɗaya ta haɗa kuɗin bas ɗaya. Ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki aji ɗaya. Matan da ke adashi su ware zubi ɗaya su je tare da malamarsu ta Islamiyya, a bar musu kujerun gaba. 'Yan'uwanmu mazauna birni, ma'aikata da 'yan kasuwa, ku tari ayarin garinku a Kabuga, ku yi musu jagora, ku ciyar da su rana.

Sannan abin da aka gano a can a dawo da shi gida, domin birni ba shi kaɗai ke da abin nunawa ba. Kannywood da ake ji da ita yau, daga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta samo tushe, wadda ta fitar da Turmin Danya a 1990. Me zai hana 'yan makarantarmu su shirya wasa a filin firamare? Muna da dattawan da suka san yadda aka kafa unguwanninmu da waɗanda suka fara sarar dajin. A zaunar da su, a naɗi muryarsu a waya tun suna raye. Muna da maƙera da masu saƙar faifai da tabarma. A ba su rumfa ranar kasuwa su nuna aikinsu. Malamin gona ya yi bayanin iri da taki, ma'aikaciyar asibiti ta yi wa mata bayanin awon ciki, ɗalibanmu na jami'a su shirya kacici-kacici da muhawara, a rufe da kokawar samari.

Ranka ya daɗe Dagaci, a ba mu fili da albarka. Allah gafarta Malam, a sanar da jama'a bayan sallar Juma'a. Shugabannin makarantu, ku fitar da sunayen ɗaliban da za su fara tafiya. Direbobin tasha, ku sassauta wa ayarin yara. Samari, ku zauna yau bayan isha'i ku tsayar da rana, ku naɗa mai riƙe kuɗi, ku kira direba. Kafin Juma'a mai zuwa mota ta farko ta tashi daga Lakwaya, kuma waɗanda suka je su tara gari su ba da labari. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.