Motar Kashe Gobara Tana Nesa, Mu Ne Kusa

Ƴan uwana manoma na ƙasar Magariya da Dungas.  Hatsi ya shiga rumbu, harawa ta hau rumfa, an jingine kara a bayan darni. Ga hunturu ya fara kaɗawa. Yau ba zancen taki ko iri na zo muku da shi ba. Zancen wuta ne.

Shekarun baya na je zagaye wani gari gabas da Magariya. Da hantsi muna zaune da maigari muna lissafin dammunan gonar gwaji, sai muka ji kururuwa. Wuta ta tashi daga madafa ta kama darni. Kowa ya fito da gudu, ba wanda ya noƙe. Amma me aka yi? Mutum ashirin sun taru a bakin rijiya, guga ɗaya. Wasu sun ruga gidajensu suna fid da kaya, alhali wutar ba can ta nufa ba. Wani dattijo ya ce a kayar da darnin gidan da ke gaba don a yanke mata hanya. Mai gidan ya ce ba a taɓa masa darni. Ana cikin wannan gardama iska ta ɗauki bunu mai ci ta jefa bisa rumbuna. Ni kaina ina tsaye riƙe da littafin aiki, da karatuna na lise, ban san ta inda zan kama ba. Da la'asar muka ga magidanta suna tonon toka suna neman abin da ya saura na noman shekara.

Tun ranar na gane ƙarfi da zuciya ba su muka rasa ba. Shiri muka rasa. Shi ya sa nake cewa kowane gari ya zaɓi mutanensa na kashe gobara tun yanzu, a san su da sunansu, kowa ya san aikinsa.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne, akwai ƴan kwana-kwana, pompiye, ana kiransu a lamba 18. Gaskiya ne, kuma ku riƙe lambar, ku kira su. Sojoji ne da suka koyi aikin, sun fi mu sani. Amma mu yi lissafi. Daga Damagaram zuwa Magariya wajen kilomita 90 ne. Mu ɗauka ma motar tana tsaye tsakiyar Magariya cike da ruwa. Kafin ta keta yashi ta kai wani ƙauye na Gushi ko Malawa ko Dogo-Dogo, nawa ne ya saura? Ɗakin shibci ba ya jiran kowa. Kafin ka gama alwala jinka ta faɗa.

Ko a birni, inda motocin suke, wutar kara tana riga su. Ran 13 ga Afrilu 2021 azuzuwan zana sun kama wuta a wata lakwal ta unguwar Pays-Bas a Yamai, yara 20 suka rasu. Ran 8 ga Nuwamba na wannan shekarar aka sake yin haka a Maraɗi, yara aƙalla 25, ƴan shekara 5 zuwa 6. Allah ya jiƙansu. Bayan ta Maraɗi ne gwamnati ta hana ajin zana ga ƙananan yaran da ba su shiga firamare ba. Babbar kasuwar Yamai ma ta ƙone a 1982, sai 1987 aka buɗe sabuwa. In haka ta faru a birni, mu da gidajenmu da rumbunanmu da rumfunan kasuwarmu duk kara da shibci ne, me muke jira?

Kada ku ɗauka aikin sa kai alamar talauci ce. A Faransa, cikin masu kashe gobara biyar, kusan huɗu ƴan sa kai ne. Manoma ne da makanikai da malaman makaranta, suna sana'arsu, in an yi kira su aje su tafi. Mu kuwa ba sai mun aro daga can ba. Mun san gayya. Dattawanmu sun san aikin samariya na zamanin Seyni Kunce, lokacin da matasa ke gina azuzuwa da gyaran hanya ba da biya ba. In an yi rasuwa, an san masu gina kabari, ba a neman su da fitila. To don me ba a san masu kashe wuta ba?

Sai dai a lura wajen zaɓe, don nan ne ake kuskure. In aka ce maigari ya ba da suna, sai ya kira samari majiya ƙarfi. Amma yaushe ne lokacin gobara? Daga kaka zuwa bazara. Yaushe samari ke tafiya cirani Kano da sauran garuruwa? Daidai wannan lokacin. Sai a wayi gari sunaye na bisa takarda, masu su suna bayan iyaka. A zaɓi waɗanda rani ke samu a gida: maƙeri, mahauci, tela, ladan, mai amalanke, masu lambu. Kuma a sa mata, ba don kunya ba. Su ke gida da hantsi sa'ad da maza ke kasuwa, su ke kusa da murhu, su suka san gidan da ke da jinjiri ko tsohuwar da ba ta iya tashi. Ƙungiyar kashe gobara da ba mace ciki, rabin yini barci take yi.

Mutum goma sha biyu sun isa ƙaramin gari. Ɗaya shi ne shugaba, kuma maganarsa ita ce magana ranar wuta. Wannan sai an yanke shi gaban maigari da liman tun ana zaman lafiya: in shugaba ya ce a kayar da darnin wane ko a sauke jinkar wane, a yi, kuma gari ya taru ya mayar masa da abinsa bayan an gama. In mutum ya san za a gyara masa, ba zai tsaya gardama ba. Ladan ya yi shela da lasifikar masallaci, ya faɗi unguwar. Masu amalanke su nufi ruwa da duro da jarkoki. Mata biyu ko uku aikinsu fid da yara da tsofaffi da kwance dabbobi, su ƙirga kowa. Sauran jama'a su yi layi ana miƙa bokiti hannu da hannu, ba kowa ya ruga da nasa ba. Garuruwan da ke bakin fadamun Korama, irin su Bande da Waca, suna da abin da wasu ba su da shi: injin ban ruwa na masu rake da lambu. A san wanda zai ba da nasa, a san tsawon tiyonsa tun yau.

Wuta da abu uku take rayuwa: abin da za ta ci, iska, da zafi. Ka raba ta da ɗaya, ta mutu. Ruwa yana kashe zafi. Yashi yana toshe mata iska, kuma yashi dai Allah ya hore mana shi. Kayar da darni yana hana ta abinci. Amma ba a tarar ta gaba da gaba ta inda iska ke tura ta. A sha gabanta da nisa a share, a buge ta daga gefe.

Wutar man fetur kuwa ba a zuba mata ruwa. Man yana hawa bisa ruwan ya bi shi, sai ka ga ka raba wutar da hannunka. Yashi ake zubawa. Haka in mai ya kama cikin kaskon tuya, a rufe da faifan ƙarfe ko murfi, kada a watsa ruwa. Na daɗe a kan fetur don mu mutanen bakin iyaka ne, kwalabe da jarkoki suna ko'ina, har cikin ɗakin kwana kusa da yara. Ba sai ya zuba ba, tururinsa kaɗai yana kamawa. In kuma tankar mai ta faɗi, ku gudu, ku kori yara. A watan Mayu 2019 mutane fiye da 50 suka mutu a Yamai wajen kwasar man tankar da ta kife. A watan Oktoba 2024 a Majiya ta jihar Jigawa, maƙwabtanmu na kudu, fiye da 150 suka tafi ta wannan hanya.

In wuta ta kama tufafin mutum, kada ya gudu. A kayar da shi ƙasa ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Wurin ƙunar a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi likita. Ban da ƙwai, ban da tawada, ban da kashin shanu.

Amma babban aikin ƙungiyar ba ranar gobara yake ba. Zagaye ne, gida gida, sau ɗaya a wata. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Rumbun da ke kudu maso yamma da madafa yana kan hanyar tartsatsi. Shawarata, a bar taki 10 tsakanin rumbu da rumbu, a share ciyawa kewaye da su har ƙasa ta fito. Harawa da kara su bar jikin madafa. Toka a yayyafa mata ruwa kafin a zubar a juji. Mai ƙona sassabe ya jira iska ta kwanta, kuma ya tsaya har wutar ta mutu, don ƴan gawon da muka sha wahalar rainonsu cikin gonaki ba sa jure ta.

Na san abin da za ku ce mini, don an sha faɗa mini: malam, in muka nisanta harawa da rumbu, ɓarayi da dabbobi fa? Maganarku tana da hujja, ban raina ta ba. Amma ɓarawo dami biyu ko uku yake iya ɗauka cikin dare. Wuta ba ta barin ko na iri. Kuma mutanen nan goma sha biyu suna iya raba kwanan tsaro tsakaninsu da sauran magidanta. Wasu kuma za su ce gobara ƙaddara ce. Haka ne. Fari ma ƙaddara ne, amma ba mu fasa ajiyar iri ba.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a jira wani furoje ya zo da riguna da kuɗin zama. Na ga kwamitoci da yawa da aka kafa da kuɗin baƙi, ranar da kuɗin ya ƙare ranar suka watse. Kowane gida ya ba da dala 20. A sayi bokitai da igiya da guga na biyu, maƙeri ya ƙera ƙugiyoyi biyu masu doguwar ƙota na jawo jinka. A aje su wuri ɗaya da kowa ya sani, kuma ba a aronsu ranar biki.

Ku da kuka gama karatun yaƙi da jahilci, ga inda alƙalaminku zai yi aiki. Ku karanta wa jama'a wannan takarda bayan sallar Juma'a. Ku rubuta sunayen mutum goma sha biyun da aikin kowa, da lambobin wayarsu, da lamba 18 a sama. Kofi ɗaya a manna a zauren maigari, ɗaya a kai hukumar komin. Na uku ku riƙe mini, zan karɓa in na zo zagayen rumbunan iri, mu gwada layin bokiti tare mu ga minti nawa ruwa ke yi daga rijiya zuwa gidan ƙarshe.