Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Kira ga Jama'ar Bauchin Yakubu

Ya ku iyaye da malamai da masu unguwanni da 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal, ku ba ni aron kunnuwanku!

Garin nan yana ta buɗewa. Wuraren da muka sani gonaki a Inkil da Tirwun da Miri da Gudum yau sun zama gidaje, kowane gida kuma cike yake da yara. Azuzuwa sun cika maƙil, duniyar da ke jiran yaran nan kuwa ta sauya. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC ma ta kama wannan hanya tun 2024.

Na ga wata yarinya a ƙofar cibiyar jarrabawa, haziƙa ce a ajinsu, amma hannunta rawa yake yi, domin ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai a ranar. Karatu ta yi shi, na'ura ce ta kayar da ita. Na kuma leƙa wata makaranta, na tarar da ɗakin kwamfuta a garƙame, na'urori jere an lulluɓe su da leda, ƙura ta yi musu rawani. Ba wuta, ba malami, mabuɗi yana aljihun wani. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ciwon namu shi ne sayen kaya kafin shiri. Ƙasar Peru ta raba wa ɗalibai dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci, bincike ya zo ya nuna lissafi da karatun yaran ba su ƙaru ba, saboda an manta da malami. Kada mu faɗa ramin da muka ga wani ya faɗa.

Don haka duk makarantar da za a kawo wa na'ura, mu tsaya kai da fata a amsa mana tambayoyi huɗu. Ina wutar? A fara kafa sola da batir, domin kowa ya san halin wutarmu. Wa zai koyar? A horar da malaman da ke cikin aji, a kuma ci gaba da bibiyarsu, horon kwana uku da takardar shaida ba ya wadatarwa. Wa zai gyara idan ta lalace, kuma daga wane asusu? Wa zai tsare ɗakin, da ƙofar ƙarfe da maigadi mai albashi? Sannan kowace sabuwar makaranta da za a gina a sababbin unguwanni, a zana mata ɗakin kwamfuta tun daga tushe, kuma 'ya'ya mata su sami lokacinsu daidai da maza.

Ba mu rasa masu iyawa ba. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Yelwa da Gubi, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, ga ta Tatari Ali. Ɗalibansu za su iya koyarwa da gyara idan an tsara. Muna kira ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da Ma'aikatar Ilimi su fito da tsari na shekaru biyar a rubuce, wanda talaka zai karanta ya bi sawunsa.

Ku tuna, Tafawa Balewa malamin makaranta ne a garin nan kafin ya zama Firayim Minista. A nan Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka zauna suna wayar da kan jama'a. Gadonmu ke nan, kada ya lalace a hannunmu.

Alhaji, Hajiya, taron iyayen yara na gaba kada a yi babu ku. Ku shiga kwamitin kula da makarantar unguwarku. Ku nemi mabuɗin ɗakin kwamfutar, a buɗe shi a gabanku, a kakkaɓe ƙurar, a zaunar da yaranmu su fara koyo tun daga firamare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya yi mana jagora, Ya albarkaci zuri'armu.