Yaron Da Bai Waiwayo Ba

A Sheme, cikin ƙasar Faskari, sau da yawa sai yaro ya shiga aji ɗaya kana malami ya gane kurma ne, alhali shekarun koyon magana sun shige. Sanƙarau ko ƙyanda kan toshe kunne, iyaye kuwa su ce taurin kai ne, ko iskoki.

Dokar ilmi ta 2004 ta tanadi ajin ƙananan yara, ta 2019 ta hana wariyar naƙasassu. Amma Makarantar Kurame tana can Malumfashi, hanya kuma ba lafiya. Wace uwa za ta saki ɗan shekara uku? A ganina, a koya wa ungozomomi da masu allurar rigakafi gwajin farko: a tafa bayan jariri, a duba ko ya waiwayo.