Gidajen Rainon Yara a Lokacin Dokar Kulle: Darasin Ingila na Shekarar 2021

A daren Litinin, 4 ga watan Janairu na shekarar 2021, Firayim Ministan Birtaniya na wancan lokaci, Boris Johnson, ya yi wa jama'arsa jawabi ta talabijin, inda ya sanar da sake kafa dokar kulle a Ingila karo na uku saboda annobar korona. Aka rufe makarantun firamare da na sakandare, ban da 'ya'yan ma'aikatan da ba a iya yi sai da su da kuma yaran da ke cikin halin rauni. Wasu makarantun ma a safiyar ranar suka dawo daga hutu, yini ɗaya tak suka yi aka sake garƙame su. Amma gidajen rainon yara, watau wuraren da iyaye ke kai 'ya'yansu tun daga 'yan watanni har zuwa shekara huɗu ko biyar kafin su wuce wurin aiki, an ce su ci gaba da karɓar kowane yaro kamar yadda suka saba. Maƙwabciyarta Sukotlan kuwa, wadda ke ƙarƙashin sarauta ɗaya amma take da ikon tsara harkar iliminta, sai ta ɗauki wata hanya dabam: ta rufe nata gidajen rainon ga yawancin yara, ba ta sake buɗe su ba sai 22 ga Fabrairu.

Nan take gardama ta kaure. Ƙungiyar ƙwadago ta Unison ta nemi a rufe, ƙungiyoyin masu gidajen rainon suka nemi gwamnati ta fito da hujjarta ta kimiyya a fili, iyaye kuma suka rabu gida biyu. Tambayar da ma'aikatan rainon suka yi ta yi mai sauƙi ce: idan ajin yaro ɗan shekara shida hatsari ne, ta yaya ɗakin ɗan shekara uku, wanda ba ya iya share majinarsa da kansa, ya zama wurin aminci? Tambayar ta cancanci amsa, domin annoba ba ta yin sallama idan za ta dawo. Abin da nazarin wannan lamari ya nuna shi ne barin gidajen a buɗe daidai ne a irin waccan cuta, amma yadda aka bar su a buɗe ya ɗora nauyin a kan waɗanda suka fi kowa rashin ƙarfin ɗaukarsa.

Da farko dai, ya kamata mai karatu ya tuna dalilin da ya sa ake gaggawar rufe makarantu idan annoba ta ɓulla. Dabarar ta samo asali ne daga mura mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza. A wannan cuta yara ne manyan dillalai: suna saurin kamuwa, suna daɗewa suna fitar da ƙwayar cutar, sa'an nan su kai ta gida ga iyaye da kakanni. Shirye-shiryen da ƙasashen Turai suka yi na tarbar annoba kafin shekarar 2020 kusan dukkansu da mura a zuciya aka yi su. Saboda haka da korona ta iso, sai aka ɗauko tsohon makami. A ranar 20 ga Maris na 2020 Ingila ta rufe makarantu da gidajen raino baki ɗaya ga yawancin yara, ba a fara buɗe gidajen rainon ba sai 1 ga Yuni. Ba a ga laifin kowa ba a wannan karo na farko, domin wanda ya shiga ɗaki cikin duhu dole ya yi lalube.

To amma korona ba mura ba ce. Mafi girman abin da ke nuna wanda za ta kayar shi ne shekaru: hatsarin mutuwa yana ninkuwa ne yayin da shekaru ke ƙaruwa, har ya kai ga tazarar da ke tsakanin jariri da ɗan shekara tamanin ta zama ta ninki dubbai. Wani bincike da aka yi kan dukkan yaran Ingila ya gano cewa daga Maris na 2020 zuwa Fabrairun 2021, yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 18 da cutar ta kashe su 25 ne, daga cikin kimanin miliyan 12. Kowane ɗayansu rashi ne ga gidansu, babu shakka, sai dai a ranar 20 ga Janairun 2021 kaɗai an ba da sanarwar mutuwar mutum 1,820 a Birtaniya, mafi yawansu tsofaffi. Masana sun kawo bayani kan wannan bambanci. Ɗaya daga ciki shi ne garkuwar farko ta jikin yaro, wadda ke tsaye a cikin hanci da maƙogwaro, tana saurin tashi ta tari baƙuwar ƙwaya tun kafin ta gangara huhu. Akwai kuma wani kumburin sassan jiki da likitocin Landan suka fara lura da shi a watan Afrilun 2020, wanda ke kama wasu yara makonni bayan kamuwa da korona. Yana da tsanani, amma bai yawaita ba, kuma galibin waɗanda ya kama sun warke a asibiti.

Ke nan rufe gidan raino ba don kare ran yaron ake yi ba. Idan an rufe, an rufe ne don a rage yawon cutar a gari, a kare manya. Wannan ba dalilin banza ba ne, amma yana nufin ana neman yaro ɗan shekara biyu ya biya wani bashi domin amfanin wasu, don haka wajibi ne a auna girman bashin da girman amfanin.

Ta fuskar amfanin, shaidar da aka tara kafin Janairun 2021 ta nuna bai kai yadda ake zato ba. Ƙasar Denmak ta buɗe gidajen raino da ƙananan azuzuwa tun 15 ga Afrilun 2020, ita ce ta farko a Turai, ta rarraba yara zuwa ƙananan rukunoni, ta yawaita wanke hannu, ta fitar da su wasa a fili, kuma adadin masu kamuwa a ƙasar ya ci gaba da sauka. Suwidin ba ta rufe nata ba sam. A Amurka, wani bincike na Jami'ar Yale ƙarƙashin Farfesa Walter Gilliam, wanda aka buga a watan Oktoban 2020, ya bi ma'aikatan raino fiye da 57,000, ya kwatanta waɗanda suka ci gaba da aiki da waɗanda suka zauna a gida a watannin farko na annobar, bai ga ƙarin kamuwa da za a jingina wa aikin ba. Abin da ya fi nuna ko ma'aikaciya za ta kamu shi ne yawan cutar a yankin da take zaune.

A nan ne masu neman a rufe ke da magana mai nauyi, kuma rashin adalci ne a yi watsi da ita. Duk waɗannan bincike an yi su ne lokacin da cutar ta lafa ko kuma gidajen rainon ba su cika ba, kuma ana bin ƙa'idojin tsafta sau da ƙafa. Janairun 2021 kuwa tsakiyar hunturu ne, tagogi a rufe, ga sabon nau'in ƙwayar da aka fara gani a yankin Kent, wanda daga baya aka sa wa suna Alfa, mai saurin yaɗuwa fiye da na farko. Shaidar bazara ba lallai ta yi aiki a hunturu ba. Duk da haka, sabon nau'in bai sauya babban tsarin ba: ya ƙara yaɗuwa a tsakanin kowa, amma tsofaffi ya ci gaba da kayarwa.

Sa'an nan akwai abin da masu lissafi a takarda kan manta. Rufe gidan raino ba ya sa yaro ya ɓace. Ɗan sakandare ana iya barinsa gaban kwamfuta ya yi darasinsa, amma ɗan shekara biyu dole wani baligi ya riƙe shi daga safe zuwa dare. Idan uwarsa mai shara ce a asibiti ko mai sayar da kaya a kanti, ko kuma aikinta bai shiga jerin waɗanda gwamnati ta ware ba alhali ba ya yiwuwa daga gida, to ina za a kai shi? Sau da yawa wurin kaka, wato ainihin mutumin da aka kafa dokar kullen don a kare. An gudu daga ruwa an faɗa wuta ke nan.

Ta fuskar bashin kuma, wato abin da yaro ke rasawa, a nan maganar ta fi zurfi. A shekarun farko na rayuwa ƙwaƙwalwa ke ƙulla mafi yawan hanyoyin sadarwarta, kuma harshe da zama da mutane ba a koyonsu sai ta cuɗanya: yaro ya yi gwalanto a amsa masa, ya ƙwace abin wasa a hana shi, ya yi kuka a rarrashe shi, ya ga sa'ansa ya kwaikwaya. Wata uku a rayuwar ɗan shekara biyu kashi ɗaya ne cikin takwas na duk zamansa a duniya. A watan Nuwamban 2020 hukumar duba makarantu ta Ingila, Ofsted, ta ba da rahoton cewa wasu yaran da suka riga suka daina sa ƙunzugu sun koma masa bayan kullen farko, wasu sun manta yadda ake cin abinci da cokali mai yatsu da wuƙa, wasu kuma kalmominsu sun ragu. Rahotannin da hukumar ta fitar a 2022 sun ci gaba da ambaton jinkirin magana. Kuma asarar ba daidai ta faɗa wa kowa ba. Yaron da ke gida mai lambu da littattafai da iyaye masu sarari bai rasa kome sosai ba. Wanda ke ƙuntataccen ɗaki a saman bene da uwa ɗaya mai fama da bashi shi ne ya rasa abinci mai kyau da filin gudu da abokan wasa. Bugu da ƙari, mai raino ita ce sau da yawa baligi na farko daga waje da ke ganin tabon duka a jikin yaro ko ramar yunwa. Idan an rufe ƙofa, wannan ido ya tafi.

Har zuwa nan ma'auni ya rinjaya wajen buɗewa. Inda gwamnatin Ingila ta gaza shi ne wajen mutanen da ta ce su buɗe. Ma'aikatan raino kusan dukkansu mata ne, kuma aikinsu yana cikin masu ƙarancin albashi a ƙasar. Dokar lokacin ta tanadi baligi ɗaya ga jarirai uku 'yan ƙasa da shekara biyu, da ɗaya ga yara huɗu 'yan shekara biyu. Wanda ya taɓa goyo ya san babu batun ba da tazarar mita biyu a wannan aiki: ana sauya ƙunzugu, ana ba da abinci a baki, ana yi wa mutum atishawa a fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya kanta ta ce kada a sa wa yara 'yan shekara biyar zuwa ƙasa takunkumi. Duk da haka, lokacin da aka fara allurar riga-kafi a ranar 8 ga Disamban 2020, bisa shekaru da rashin lafiya aka jera mutane, ba a ba masu raino wani matsayi na musamman ba. Ana iya kare wannan mataki, domin shekaru ne ke kisa, kuma jeri mai sauƙi ya fi sauri. Wanda ba shi da kariya shi ne batun gwaji: ma'aikatan firamare sun sami kayan gwajin gaggawa na yi a gida tun cikin Janairu, alhali na gidajen raino masu zaman kansu, waɗanda ƙofofinsu ke buɗe ga kowa, sai a watan Maris suka samu, bayan guguwar ta wuce.

Haka nan batun kuɗi. Kuɗin jinya na doka a lokacin fam 95.85 ne a mako, abin da ba ya biyan hayar ɗaki. Ma'aikaciyar da ta tashi da ɗan tari sai ta zaɓa tsakanin zama a gida da yunwa ko tafiya aiki da cuta, kuma babu masanin annoba da zai yi mamakin wanda da yawa za su zaɓa. Masu gidajen su ma an matse su: a ƙarshen 2020 gwamnati na biyansu bisa adadin yaran da suke da su kafin annoba, amma daga Janairun 2021 aka koma lissafi bisa ƙidayar wannan lokaci, daidai sa'ad da iyaye da yawa suka janye 'ya'yansu don tsoro. Wato an ce su buɗe, an kuma rage musu abin da za su buɗe da shi. Da an biya cikakken albashi ga duk wadda ta killace kanta, an ba masu ciwon suga ko na huhu da masu juna biyu izinin zama a gida ba tare da asara ba, an kuma ɗauki batun iska da muhimmanci tun da wuri, da gardamar ba ta yi zafin da ta yi ba. Batun iskar ma abin takaici ne: an ɓata watanni ana goge kayan wasa da sinadari, alhali ƙwayar tana shawagi ne a cikin numfashin da ya taru a ɗaki, kuma buɗe taga da fita fili, kamar yadda Denmak ta yi, sun fi goge-gogen amfani.

Sai dai wannan hukunci na korona ne, ba na kowace annoba ba. A murar aladu ta shekarar 2009, wadda ta kashe mutum 457 a duk Birtaniya, yara 70 ne suka mutu a Ingila kaɗai, wato kusan ninki uku na waɗanda korona ta kashe a shekararta ta farko, duk da cewa korona ta kashe manya fiye da dubu ɗari a wannan tsakani. Murar 1918 kuwa ta yi wa ƙananan yara da matasa majiya ƙarfi mummunar ɓarna. Idan annoba ta gaba ta zo da irin wannan hali, gidan raino ne wurin farko da ya kamata a rufe, kuma a biya iyaye su zauna da 'ya'yansu. Abin da hukumomin lafiya ke bukata a makonnin farko shi ne alƙaluman da aka rarraba bisa shekaru: nawa ne 'yan ƙasa da shekara biyar suka kamu, nawa aka kwantar, mutum nawa kowannensu ya shafa wa a gida. A 2020 an ɗauki watanni kafin a sami waɗannan alƙaluma, domin da aka rufe gidajen raino a watan Maris, gwajin da ake da shi kaɗan ne, kuma kusan duka a asibitoci ake yinsa, inda ƙananan yara ba su cika zuwa ba.