Zaɓen kasafin makarantu a New York: An miƙa wa jama'a wuƙa, an riƙe nama

A ranar Talata ta uku ta watan Mayun kowace shekara, mazauna garuruwa da ƙauyukan Jihar New York ta ƙasar Amurka kan nufi makarantun gwamnati domin kaɗa wata ƙuri'a ta musamman. Babbar tambayar da ke kan takardar ita ce: shin ka amince da kasafin kuɗin da hukumar makarantun gundumarku ta tsara wa shekara mai zuwa, ko ba ka amince ba? A wannan rana ce kuma ake zaɓen wakilan hukumar, waɗanda galibinsu iyayen yara ne da 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata da ke yin aikin ba tare da albashi ba.

Gundumomi sama da 600 ne ke gudanar da wannan zaɓe. Manyan birane biyar ne kawai, wato birnin New York da Buffalo da Rochester da Syracuse da Yonkers, ba sa yi, domin kuɗin makarantunsu yana cikin kasafin birni ne.

Duk wanda ya hango tsarin daga nesa zai yaba, domin ga mai biyan haraji an tambaye shi kafin a kashe kuɗinsa. Sai dai abin da ya faru a jihar tun daga 2009 ya nuna cewa ƙarfin wannan ƙuri'a ya dogara ne da shawarar da aka riga aka yanke a Albany, fadar gwamnatin jihar, makonni kafin ranar zaɓe. Idan jiha ta rage tallafi, zaɓin da ya rage wa mai ƙuri'a biyu ne: ko ya ƙara wa kansa haraji, ko ya rage wa ɗansa malami.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

A Amurka akwai gundumomin makarantu kimanin 13,000, kowace da hukumarta. Gwamnatin tarayya ba ta bayar da abin da ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin makarantun firamare da sakandare a shekarun da babu wani tallafin gaggawa. Ragowar ana raba shi ne kusan daidai tsakanin gwamnatin jiha da harajin da ake karɓa a cikin gunduma, wanda mafi yawansa harajin gidaje da filaye da shaguna ne.

A nan matsalar ta samo tushe. Gundumar da ke cike da gidaje masu tsada da manyan kantuna tana tara kuɗi masu yawa da ɗan haraji kaɗan. Wadda masana'antunta suka rufe, ko ƙauyen da matasa suka ƙaurace masa, sai ta ɗora haraji mai nauyi kafin ta tara abin da bai taka kara ya karya ba. A 1973 wannan bambanci ya kai gaban Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Rodriguez daga Jihar Texas, inda alƙalai biyar cikin tara suka yanke cewa kundin tsarin mulkin tarayya bai sanya ilimi cikin muhimman haƙƙoƙin da yake karewa ba. Daga nan masu fafutika suka koma kotunan jihohi.

A New York, babbar kotun jihar ta yanke hukunci a 2003 cewa ɗaliban birnin New York ba sa samun ingantaccen ilimin tushe da kundin tsarin mulkin jihar ya yi musu alkawari. Wannan ne ya sa a 2007, zamanin Gwamna Eliot Spitzer, aka ɓullo da sabon ma'aunin rabon tallafi da ke la'akari da talaucin ɗalibai da ƙarfin arzikin gunduma, tare da alkawarin ƙarin dala biliyan 5.5 cikin shekara huɗu.

Yadda alkawari ya koma yanka

Ba a je ko'ina ba tattalin arzikin duniya ya shiga mawuyacin hali a 2008, kuɗin shigar jihar ya ragu matuƙa. A 2009 aka dakatar da ƙarin. A shekarar da ta biyo baya gwamnatin David Paterson ta shigo da wani tsari na cike giɓin kasafin jiha, wanda ma'anarsa a sauƙaƙe ita ce a lissafa wa kowace gunduma abin da ya kamata ta samu, sannan a zaftare wani kaso a riƙe. A 2011 kuma sabon Gwamna Andrew Cuomo da majalisar dokokin jihar suka rage tallafin makarantu da kimanin dala biliyan 1.3.

A watan Yunin wannan shekara ta 2011 aka sanya hannu a wata doka da ta toshe ɗaya hanyar. Dokar ta ƙayyade cewa gunduma ba za ta ƙara jimillar harajin gidaje da fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara ba, ko kuma ma'aunin hauhawar farashi, duk wanda ya fi ƙanƙanta, tare da wasu 'yan togace-togace. Gundumar da ke son haura wannan iyaka sai ta samu amincewar kashi 60 cikin 100 na masu ƙuri'a, rinjaye na yau da kullum bai isa ba. Idan kasafi ya faɗi, ana iya sake gwadawa a watan Yuni. Idan ya sake faɗuwa, dole gundumar ta koma kasafin wucin gadi wanda ba a ƙara ko sisi a kan harajin bara. A 2016, saboda farashi bai tashi ba, iyakar ta sauko zuwa kashi 0.12 cikin 100. A 2019 aka mayar da dokar ta dindindin.

Dole a yi wa masu goyon bayan dokar adalci. Harajin gidaje a wasu yankunan New York yana cikin mafi tsada a duk faɗin Amurka. Tsohon ma'aikacin da ke rayuwa da fansho, wanda ya gama biyan bashin gidansa tun tuni, yana iya rasa gidan idan haraji ya fi ƙarfinsa. Ɗan kasuwa mai shago ɗaya ma haka. Kukansu na gaskiya ne, kuma dokar ta rage saurin hauhawar harajin. Amma da aka haɗa ta da rage tallafi a lokaci guda, sai gundumomi suka tsinci kansu gaba kura baya siyaki.

Wa ya fi jin jiki?

Mu ƙaddara gundumomi biyu, kowace da kasafin dala 100. Ta masu hali tana karɓar dala 15 daga jiha, ta tara 85 da kanta. Ta marasa hali tana karɓar 70 daga jiha, ta tara 30. Idan jiha ta rage kashi 10 cikin 100 na tallafi, ta farko ta rasa dala ɗaya da rabi, kuma ƙarin harajin da bai kai kashi 2 cikin 100 ba ya isa ya cike mata giɓin ba tare da ta saɓa doka ba. Ta biyun ta rasa dala bakwai, kuma sai ta ƙara haraji da kusan kashi 23 cikin 100 kafin ta dawo inda take. Ko da jiha ta tausaya mata ta rage mata kashi 5 kawai, har yanzu tana buƙatar ƙarin kusan kashi 12, daga aljihun mutanen da su ne suka fi kowa talauci, kuma sai mutum shida cikin goma sun yarda.

Hukumomin makarantu sun san wannan lissafi, shi ya sa mafi yawansu ba sa ma gwada haura iyakar. Suna yanke abin da za su yanke tun a watan Maris da Afrilu, sannan su kawo wa jama'a kasafin da ya riga ya rame. Wannan ne sirrin da ke bayan alƙaluman da akan yi alfahari da su, cewa sama da tara cikin goma na kasafin makarantun jihar suna tsallakewa a kowace shekara. Tsallakewar ba ta nufin makarantu sun samu abin da suke buƙata, tana nufin an riga an yi yankan kafin a buɗe rumfar zaɓe.

Abin da ake iya yankewa kuma ba shi da yawa. Mafi girman kaso na kasafin makaranta albashi ne da inshorar lafiya da gudunmawar fansho, kuma yarjejeniya da doka ne suka ɗaure su. Kula da yara masu buƙata ta musamman wajibi ne a dokar tarayya. Don haka wuƙar kan sauka a kan darussan kiɗa da zane, da harsunan waje, da wasanni, da masu kula da ɗakin karatu, da masu ba ɗalibai shawara, da azuzuwan share fagen shiga jami'a. Idan an zo sallamar malamai kuma, dokar jihar ta ce wanda ya zo ƙarshe shi ne zai fara tafiya, ko da shi ne ya fi ƙwazo. Ɗan mai hali iyayensa za su ɗaukar masa malami a gida. Ɗan talaka abin da makaranta ta ba shi, shi ke nan rabonsa.

Tsugune ba ta ƙare ba

Sai a kasafin 2016 aka daina zaftarewar cike giɓi baki ɗaya, sannan sai a 2023, zamanin Gwamna Kathy Hochul, aka cika alkawarin 2007. Yaron da ya shiga aji ɗaya lokacin da aka yi alkawarin ya riga ya bar sakandare kafin a cika shi.

Murnar ma ba ta daɗe ba. A watan Janairun 2024 Gwamna Hochul ta nemi a soke ƙa'idar da ta hana a ba kowace gunduma ƙasa da abin da ta samu bara, tana mai kafa hujja da cewa yawan ɗalibai ya ragu a wurare da dama, kuma bai dace a ci gaba da biyan kuɗin yaran da ba su nan ba. Kusan rabin gundumomin jihar ne matakin zai rage wa kuɗi, da yawansu na karkara. 'Yan majalisa daga jam'iyyun biyu suka ƙi, aka miƙa ma'aunin rabon ga Cibiyar Rockefeller domin ta yi nazari. Hujjar gwamnan tana da ƙamshin gaskiya, amma makarantar ƙauye da ta rasa ɗalibai 30 daga azuzuwa daban-daban ba za ta iya rufe aji ko ɗaya ba, kuma motar ɗaukar yara sai ta bi hanyar da ta saba bi, da man da ta saba sha.

A ƙarshen Satumban 2024 kuma wa'adin tallafin korona ya cika, wato kusan dala biliyan 190 da gwamnatin tarayya ta raba wa makarantun ƙasar. Gundumomin da suka ɗauki ma'aikata da wannan kuɗi na ɗan lokaci sai suka dawo suna neman inda za su samo albashinsu.

Maƙwabciyar New York, wato Jihar Vermont, ta nuna abin da kan faru idan tura ta kai bango. A watan Maris na 2024 masu zaɓe suka yi watsi da kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin makarantun jihar, bayan hasashen cewa harajin gidaje zai yi tashin gwauron zabi. Fushin nasu na tsadar rayuwa ne da tsarin da aka tsara a sama, amma kasafin makaranta ne kaɗai abin da hannunsu ya kai gare shi, don haka a kansa suka huce.

Abin lura a gida

Nijeriya ba ta zaɓen kasafin makarantu, amma tambayar wa zai biya idan na sama ya janye hannu ba baƙuwa ba ce a nan. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, kuma tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ake ta muhawara a kan makomar wannan albashi. A 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin yankin ba su aiwatar da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 ba, yara suna zaune a gida. Ƙaramar hukumar da ke da babbar kasuwa da tashar mota ba ɗaya take da wadda ba ta da komai sai kason wata-wata ba, kamar dai gundumomin nan biyu na misalinmu.

Wannan bai sa zaɓen watan Mayu ya zama aikin banza ba. Yana tilasta wa hukumar makaranta ta buga kasafinta, ta aika wa kowane gida, ta zauna a gaban jama'a ta amsa tambayoyi, kuma wannan kaɗai abin koyi ne. Amma mai son sanin ko yaron wani ƙauye a arewacin New York zai samu malamin kimiyya a watan Satumba, kada ya jira sakamakon ƙuri'ar Mayu. Ya duba abin da gwamna da 'yan majalisa suka rattaba wa hannu a Albany, inda sabuwar shekarar kasafi ke farawa ranar 1 ga Afrilu, domin a can ake raba naman.