Tsoka ko tuƙa? Kalmar «pulp» da littattafan kasuwa

Akwai wata kalmar Nasara da ƴan boko ke jifan littattafan hausa na kasuwa da ita, in suna son su zubar musu da daraja ba tare da sun buɗe ko shafi guda ba. Kalmar ita ce «pulp». Wanda ya yi lakwal da faransanci ya fi cewa «roman de gare», wato littafin tasha, wanda matafiyi ke saya don ya rage hanya, in ya sauka ya yar. Ko da wane harshe aka faɗa, nufin guda ne: wai abin da ke shimfiɗe a tabarmar mai littattafai, daga Ƙonni har Badagishiri, karatun mata ne da ƴan tebur, bai kai matsayin adabi ba.

Tushen kalmar daga latinanci yake, «pulpa», ma'anarta tsoka. Bafaranshe na cewa «pulpe» ga abin da ke tsakanin ɓawo da ƙwallo: naman mangwaro, garin kuka, garin ɗorawa, tsamiyar da ake jiƙawa a dama kunu. Likitan haƙori na kiran taushin cikin haƙori da wannan suna, can inda jijiya take, inda ciwo ke tasowa ya hana barci. A masana'antun sukari na Turai kuma, sunan abin da ya saura ne bayan an tatse zaƙi, wanda ake zuba wa shanu. Bahaushe bai haɗa waɗannan a kalma guda ba. Yana da tsoka, yana da markaɗe, yana da tuƙa da tunkuza da dusa, kuma mai lambu a kwarin Badagishiri ba zai taɓa rikita naman tumatir da ɓawonsa ba. Nasara ne ya ɗora wa kalma ɗaya kaya biyu, abin ci da abin zubarwa, kuma masu raini na biyun suka ɗauka.

Yadda kalmar ta faɗo kan littafi, labarin takarda ne. Da tsummoki ake yin takarda a Turai, har zuwa shekarun 1840 da wani Bajamushe, Friedrich Keller, ya gano dabarar niƙa itace ya zama kunu a shimfiɗa shi ya bushe. Da ingilishi wannan kunun itacen ma «pulp» ne. Takardarsa tana da araha, tana da kaushi, kuma ba ta jimawa take yin ja tana karyewa. A 1896 wani ɗan kasuwar Amurka, Frank Munsey, ya mai da mujallarsa Argosy ta ƙagaggun labarai zalla a kan irin wannan takarda, yana sayarwa santi 10. Leburori da ƴan ƙwadago suka yi mata ca. Daga nan sunan takarda ya zama sunan labarin da ke kanta, manyan malamai kuma suka toshe hanci.

To, me ya fito daga wannan juji? Tarzan a 1912 ya fara bayyana a irin waɗannan mujallu. Dashiell Hammett da Raymond Chandler a mujallar Black Mask, wadda aka kafa a 1920, suka yi suna; yau ana karantar da su a jami'o'i. A 1945 gidan Gallimard, wanda babu ɗan bokon ƙasar nan da zai ce bai san girmansa ba, ya buɗe jerin «Série noire» yana fassara irin waɗannan marubuta. A 1994 fim ɗin Pulp Fiction ya ɗauki babbar kyautar Cannes. Abin dariya, ma'aikacin da ke yamutsa fuska ga littafin Kano sau da yawa yana da SAS na Gérard de Villiers a aljihun teburinsa.

A ƙasar Hausa an yi irin wannan tafiya. Da tattalin arzikin Najeriya ya durƙushe a shekarun 1980, manyan gidajen ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta, sai samari da matan aure na Kano suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu, a takarda mafi araha. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan rubutu sunan «adabin kasuwar Kano», Abdalla Uba Adamu ya tsaya masa, aka shekara da shekaru ana ka-ce-na-ce a jaridu. A 2007 gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ƙona tarin littattafan a bainar jama'a. Shekara 5 bayan haka, a 2012, wani gidan ɗab'i na Indiya mai suna Blaft, wanda ya shahara da tattara labaran kasuwa na harshen Tamil, ya buga Alhaki Kuykuyo Ne da ingilishi.

Ba a ce littattafan nan ba su da aibi ba. Da yawa cike suke da kurakuran rubutu, wasu kwaikwayon finafinan Indiya ne tsagwaronsa, wasu kuma ba su san wani gwarzo ba sai mai mota da bene. Mai suka yana da abin faɗi. Amma auren dole, da kishi, da sakin wulaƙanci, da cire yarinya daga makaranta, a cikinsu aka fara tattauna su da harshen da mai abin ke ji, tun kafin ƙungiyoyi su fara shirya tarurruka a otal-otal na Yamai a kan haka.

Ga inda abin ya shafi Nijar. Tun shekarun 1960 ake yaƙi da jahilci da harsunan gida, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da hausa a Damagaram. An koya wa dubban manya haɗa baƙi, amma da suka gama, me aka ba su su karanta? Takardar yadda ake zuba taki da ta rigakafin ƙyanda. Wanda ya koyi karatu bai sami abin da zai ja shi ya buɗe shafi na gaba ba, cikin ƴan shekaru karatun zai gudu. Giɓin nan littattafan Kano ne suka cike shi, suna tsallako iyaka ta Sakkwato da Illelar Najeriya cikin kayan fatake, ana karɓar aro daga gida zuwa gida har bango ya cire. Jaridu masu zaman kansu da suka ɓullo daga 1990, Haské a gaba, kusan duka da faransanci suka yi magana. Faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ke zuwa daga Faransa, littafi da takarda a ciki. Ƙoƙarin da gidajen ɗab'i irin Albasa da Gashingo suka yi abin yabo ne, sai dai ya fi karkata ga makaranta, bai kai ga tabarmar kasuwa ba.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, faransanci ya koma harshen aiki. Doka tana iya ba harshe kujera, amma masu karatu a kasuwa ake samun su. Yau labaran sun koma wayar salula, ana tura su ta WhatsApp, ana sauraron su a YouTube, kuma mafi yawansu har yanzu daga ƙetaren iyaka suke zuwa, da sunayen unguwannin Kano da kuɗin naira. Yarinyar Malbaza ko ta Illela ba ta cika cin karo da labarin da ya san Adar ba: matar da mijinta ya tafi cin rani Abijan shekara 4 babu aike, ko dillalin albasar Galmi da bashi ya ci.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowa ba. Hukuma ta sauke kuɗin duwan a kan takardar ɗab'i, tunda daga waje take zuwa. Magadan gari su sayi littattafan hausa su zuba a ɗakunan karatu. Ɗan kasuwar da ke iya cika kamiyo da albasa yana iya ɗaukar nauyin buga kwafi 1000 na marubucin garinsu, a sayar jika guda, kuma ba sadaka zai yi ba, ciniki ne. Jami'ar Tawa kuwa ta aika ɗalibai su tattara tsofaffin littattafan da jaridun shekarun 1990 da suka rage a akwatunan mutane, ta ɗauki hotonsu, domin takardar kunun itace ce, kuma waɗanda suka kai shekara 30 sun riga sun fara karyewa a hannu.